Dakalin Malam a Rafin Guza

Kawo, Kaduna
Farkon damina

Ɗana Sharhabil,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da aiki da zaman Legas. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke tuna mini da kanta duk sa'ad da hadari ya haɗo. Babansu Halima ya warke daga zazzaɓi, har ya koma ofis. Yaya Hansai ta zo daga Rigachikun ta kwana biyu, ta ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko a Legas doka ce ta hana aure.

Ka san halina, ban iya saƙon murya ba, magana tana tsere mini. Na rubuta da hannu, Halima za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka.

Shirin nan naku, Daga Kango Zuwa Gida, ba ya wuce ni. Ina zama duk Lahadi in ga yadda mutum zai sayi rusasshen gida a gwanjo, ku gyara shi ya fito kamar ɗakin amarya. Amma gaskiya abin da nake jira shi ne ƙarshe, inda sunanka ke giftawa cikin masu tace hoto. Na sha gaya wa 'yan matan ajina cewa wannan yaron a ɗakina ya yi sakandare, kuma da rubutun insha'i ya fara.

Wannan makon sai na ga mai gabatarwa tsaye a ƙofar da na sani. Gidan Malam mahaifinmu ne na Rafin Guza, gidan da aka haife ni, inda kakanka ma ya tashi a hannun Malam ɗin, yayansa. Na san an sayar. Magada mun yi yawa, gida bai rabuwa, kotu ta yi gwanjonsa, ni ma na yarda. Amma ba wanda ya ce mini zan ga tsakar gidanmu a talabijin.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Injiniyanku ya hau ɗan dakalin nan na kusurwar gabas, ya buga shi da dunduniyar takalmi, ya ce a nan za a haƙa ramin masai. Sharhabil, ƙarƙashin dakalin nan Malam ya binne duk takardun Alƙur'ani da suka yage a makarantarsa, da allunan da suka tsage, tun kafin a haife ka. A gefensa ake zuba ruwan wankin allo. Daga baya ya sa aka shafe wurin da siminti don kada a taka. Ko akuya ce ta hau sai an kore ta, kai ma an kore ka ba sau ɗaya ba.

Tambayoyina biyu ne. Duk gidajen Kaduna, ta yaya mutanen Legas suka gano lungunmu? Sannan hoton nan ta hannunka ya bi kafin ya iso mini. Ka ga mutum a kan dakalin, ka ji abin da ya ce, ka bar shi ya wuce?

Ka amsa mini da wuri, ɗana. Ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Gwaggonka,
Bara'atu


Legas

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na ji daɗin ganin rubutun hannunki, har da layin da kika ja a ƙarƙashin "da wuri". Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ki gaishe da Baba da Halima. Ki ce wa Gwaggo Hansai ba a hana aure a Legas ba, kuɗin haya ne ya hana.

Ba ni na kai su gidan ba. Wadda ta saya, Hajiya Fadila, ma'aikaciyar gwamnati ce a can Kaduna, ita ta rubuto wa shirin tana neman a gyara mata, kamar yadda kowa ke yi. Ni sai da hotuna suka iso teburina na gane zauren.

Dakalin kuwa na gan shi, ba zan ɓoye miki ba. Amma wallahi ba wanda ya taɓa faɗa mini abin da ke ƙarƙashinsa. Mu yara abin da muka sani shi ne ba a hawa. Wasu suka ce wurin butar Malam ne, wasu suka ce aljanu ke zama.

Na yi wa daraktanmu, Abdulmalik, maganar. Ya yi dariya, ya ce bai taɓa gyara gidan gwanjo ba sai wani ɗan gado ya ɓullo da labarin kabari ko rijiyar aljanu, don a tsorata mai saye ya gudu. Ya ce ko a wannan gidan wani dattijo ya riga ya zo musu da irin wannan. Daga kwatancensa na gane Baffa Ila ne, kuma kin san tun farko bai so a sayar ba.

Gwaggo, ki gafarce ni, dole in tambaya kafin in sa bakina da aikina a ciki. Kin ga binnewar da idonki, ko labari aka ba ki? Kuma Baffa Ila ya zo wurinki kwanan nan?

Ki kwantar da hankalinki, abin da kika gani an ɗauke shi da daɗewa, kuma ruwan sama ya hana a fara haƙa. Zan sake yi masa magana.

Ɗanki,
Sharhabil


Kawo, Kaduna

Sharhabil,

Sallama da fatan alheri. Muna lafiya. Jarrabawar tsakiyar zango ta taso, ina fama da takardun yara.

Na karanta wasiƙarka na ajiye, na sha ruwa, na sake ɗauka. Ashe har na kai matsayin da za ka tambaye ni ko an turo ni. Ba komai, tambaya ba laifi ba ce, ni na koya maka kada ka karɓi magana sai ka ga tushenta. To ga tushen.

Ina budurwa, ni nake riƙe wa Malam farin ƙyallen. Idan takardu suka taru a cikin gafaka, sai ya zaɓi safiyar Alhamis da babu karatu, ya yi alwala, ya shimfiɗa ƙyallen a kan tabarma. Yana ɗaukar takarda ɗaya ɗaya, ya hure ƙurar, wani lokacin ya tsaya ya karanta abin da ya rage a jikinta, ya ƙarasa ayar da ka. Sai mu naɗe, ya haƙa da hannunsa da 'yar fartanya, ba ya yarda ɗalibi ya yi masa. Na ga wannan sau da yawa. Yaya Hansai ta gani, ita ce ma mai kawo ƙyallen daga kasuwa.

Ila kuwa rabona da shi tun zaman kotu, don bai yafe mini yardar da na yi ba. Shi gidan yake so. Ni ba na son gidan, Allah ya sanya wa Hajiya Fadila albarka a ciki, ta zauna da 'ya'yanta lafiya. Abu ɗaya nake nema, kada ƙazanta ta sauka a kan kusurwar nan.

Na je da kaina ranar Asabar. An sa sabon ƙyaure na ƙarfe, mai gadi ya ce ba a shiga sai da izinin kamfani. Na ce masa a ɗakin da yake jingine da shi aka yanke mini cibiya, ya ce shi dai bai ga sunana ba. Ka turo mini lambar Hajiya Fadila. Mace ce, kuma Musulma ce, idan na zauna da ita za mu fahimci juna.

Wani abu kuma ya tsaya mini a rai. A shirin, mai gabatarwa ta nuna ɗan ɗakin bayan zaure ta ce nan Malam ke ajiye littattafansa, har ta ce akwai taga da yake miƙo wa yara dabino ta ciki. Hajiya Fadila ba ta san wannan ba. Ila kuwa ba zai ba su labarin dabino ba. Wa ya faɗa musu?

Ka ce za ka sake magana, ba ka ce yaushe ba.

Gwaggonka,
Bara'atu


Kawo, Kaduna

Sharhabil,

Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. Mu lafiya, sai dai Babansu Halima ya ce na rame, na ce masa aikin jarrabawa ne.

Halima ta ce wayarta ta nuna ka buɗe takardata tun ranar da aka tura. Na kira, wayarka tana ta ƙara ba a ɗauka. Ban ga lambar da na roƙa ba.

Ruwa ya ɗauke mana kwanan nan. Jiya na sa mai Keke ya bi da ni ta Rafin Guza. An sauke yashi da bulo a ƙofar gidan, na ga leburori zaune da diga da shebur suna cin rogo. Ba a kawo diga don fenti.

Na tuna lokacin da kake aji uku, ka fasa mini gilashin fitila ka ɓuya a bayan tankin ruwa har magariba. Da na same ka ban dake ka ba, ce maka na yi ɓuyan ya fi fasawar ciwo. Har yanzu haka nake. Idan ka yi magana an ƙi, ka faɗa mini. Idan kuma ba ka yi ba don kana tsoron aikinka, shi ma ka faɗa mini, ba zan ga laifinka ba, sai in san ta inda zan ɓullo. Shirun nan ne ba na so.

Gwaggonka


Ibadan

Gwaggo, ina wuni. Ki yi haƙuri, muna wurin ɗaukar wani gida a Ibadan, ba hutu. Ba a ba mu izinin ba da lambar masu gida ba. Dakalin Malam dai, an fasa. Su Abdulmalik suna gidan yau. Zan rubuto da bayani.

Sharhabil


Kawo, Kaduna

Sharhabil,

Bayan gaisuwa. Jikina lafiya, gwiwar ce ta kumbura, kuma za ka ji dalili.

Saƙonka ya same ni a ɗakin malamai, an fita tara. Na karanta "an fasa", sai na ga diga a kan siminti, na ga farin ƙyalle cikin shebur. Na lura babu "shi" a ƙarshen jimlar, na ce gaggawa ce ta cinye shi. Ban nemi izinin shugabar makaranta ba, abin da ban taɓa yi ba tunda na fara koyarwa. Na bar aji da aikin da ban duba ba, na tari Keke.

A bakin layinmu na Rafin Guza na fara faɗa wa mutane, kuma ka san rabin layin nan a zauren Malam suka yi karatu. Gambo tela ya taso da igiyar awo a wuyansa, masu gyaran babur suka ajiye sifana, kafinta ya biyo mu da guduma a hannu, ya ce mantawa ya yi bai ajiye ba. Kafin mu kai ƙofa mun zama taro, ni a gaba. Mai gadi ya tare, na ture shi. Ni, Sharhabil. Takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo na bar shi, mayafina ya zame, ɗankwali ya karkace.

Na tarar da wata mata a tsakar gida riƙe da lema, na san ita ce. Ban yi sallama ba. Na ce mata ta sayi bulo da ƙasa, ba ta sayi maganar Allah ba. Na ce irinsu ne masu shiga gidan mutane da kuɗi ba da kunya ba. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan sa su a takarda ba, da murya har maƙwabta suna leƙowa ta katanga.

Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Baiwar Allah, juya ki duba."

Dakalin yana nan. Ko ɓantara babu. An ma zagaye shi da igiya.

Ta tambaye ni wa ya ce an rushe shi, na miƙa mata wayar. Ta karanta a fili, ta ja wasalin, fāsa, irin ta wanda ya fasa tafiya. Sai Gambo ya ce, "Malama, ashe ke ma Hausar takan kayar da ke." Aka fashe da dariya, har leburori. Kafinta ya ɓoye gudumarsa a baya. Shekara da shekaru ina koya wa yara cewa rubutunmu ba ya nuna karin sauti, a bi jimla a hankali, ga ni tsaye da takalmi ɗaya.

Da dariyar ce kawai da na haɗiye ta. Amma da na ɗaga kai sai na ga kyamarori a kaina, da wata doguwar sanda mai gashi a saman ɗankwalina. Wani saurayi mai gemu ya matso yana murmushi, ya rusuna, ya ce, "Gwaggon Sharhabil ce ko? Sannu da zuwa. Ai ya ce za ki zo."

Hajiya Fadila mutuniyar kirki ce. Ta ja ni zaure, ta ba ni ruwa, ta aika aka ciro mini takalmin aka wanke. Ta ce ba ta san da zancen takardun ba sai shekaranjiya, kuma ba za ta iya kwana a gidan da masai ke kan ayoyi ba. Amma ta ce tsarin ginin a hannun kamfaninku yake, su suka cire mata rufi, su za su mayar, kuma abin da aka gaya mata dakatarwa ce kawai, ba a yanke hukunci ba. Na yi ta ba ta haƙuri.

Yanzu kai. Ni na koya maka Hausa, kuma kai ne yaron da ya fi kowa kama irin wannan a ajina. Kana da "an dakatar", kana da "ba za a taɓa ba". Ka zaɓi kalma mai fuska biyu, ka ƙara da cewa suna gidan yau, ka kuma gaya musu zan zo. Na juya abin ta kowane gefe ina neman inda zan wanke ka. Ka taimake ni. Ka turo ni ne don a ɗauka?

Bara'atu


Legas

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara. Ya gwiwar? Don Allah ki bari Halima ta kai ki a duba.

Na rantse da Allah ban shirya miki wannan ba. A tsaye na rubuta saƙon, ana ta kirana, kuma a kunnena kalmar fuska ɗaya gare ta, don ni na san abin da nake nufi. Na ce suna gidan ne don ki san inda za ki samu Hajiya Fadila, tunda an hana ni ba ki lambarta. Na gaya wa Abdulmalik za ki iya zuwa don kada mai gadi ya sake mayar da ke. Labarin tagar dabino kuwa ni na ba su, a hira, bayan na gane gidan. Ban amsa miki ba don na san yadda za ki ɗauke shi. Shirun da na yi, ina ta fama da su ne, ban so in rubuto miki hannu wofi.

Ga inda magana ta tsaya, ba zan rage miki komai ba. Idan aka bar kusurwar gabas, sai an sake zanen, a fasa daɓen zaure, a ja bututu zuwa bayan gida, aikin ya ƙara makonni. Shugabar kamfani ta ce ba za ta ɗauki wannan ba saboda labarin da ba a gani. Amma da ta kalli abin da aka ɗauka ranar da kika zo, sai ta ce idan za a nuna shi, ta yarda a mayar da ramin baya, a kuma kewaye dakalin da gini. Ba za su iya nuna fuskarki ba sai da yardarki. Idan kin ƙi, ko su bi zanen farko, ko su janye su bar Hajiya Fadila da gida ba rufi a tsakiyar damina.

Na roƙi a rufe fuskarki, aka ƙi. Na roƙi a cire inda kika yi wa Hajiya magana, aka ce ai nan ne shirin.

Shawarata ki ƙi. Na kalli hoton, Gwaggo, kuma ɗalibanki suna raina. Na tambayi wani malami a nan, ya ce idan lalura ta kama ana iya tono takardun a mayar da su maƙabarta ko wani wuri mai tsarki. Mu yi haka, mutuncinki ya tsira.

Na san kina shakkata. Ba ni da abin da zan nuna miki sai maganata.

Ɗanki,
Sharhabil


Kawo, Kaduna

Ɗana,

Na samu wasiƙarka. An duba gwiwar, an ba ni abin shafawa, da sauƙi.

Na kai shawararka wurin limamin layinmu na Rafin Guza, wanda shi ma ɗalibin Malam ne. Ya ce malaminka bai yi kuskure ba, ya halatta. Sai ya tambaye ni me nake zaton za a tarar bayan damina sama da arba'in. Takarda ta zama ƙasa, allo ya zama ƙasa, ruwan tawada ya ratsa ko'ina. Ba ƙunshi za a ɗauko ba. Leburori ne za su yi ta kwasa da shebur, ba wanda ya san inda abin ya fara ko inda ya ƙare, abin da ya rage kuma masai ya same shi. Na je Rigachikun na gaya wa Yaya Hansai. Ta ce da ita aka ɗauka da ta yarda tun jiya, don ita ba ta da ajin da za ta shiga, fuskarta kuma ta riga ta gama aiki.

Na yarda a nuna. Sharaɗina ɗaya, gini kafin nuni. Sai na ga katangar da idona, na ga ramin a bayan gida, sannan ku sa ni a talabijin. Ka gaya wa shugabarku haka, ka ce tsohuwar ba ta karɓar alkawari da baki.

Na sanar da shugabar makarantarmu don kada ta ji a gari. Ta kalle ni, ta ce ni da nake hana yara ɗaga murya a baranda. Babansu Halima dai tambaya ya yi ko za a iya sa ranar da ba wuta.

Kada ka yi faɗa da kowa a wurin aiki saboda ni. Ka tace shi yadda aka ce, ka yi aikinka da kyau, kada ka rage komai don gwaggonka ce a ciki. Rantsuwarka na karɓa.

Gwaggonka,
Bara'atu


Kawo, Kaduna
Ƙarshen damina

Sharhabil,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ƙalau, sabuwar masara ta shigo, Yaya Hansai ta aiko mana da buhu guda, rabonka yana ciki.

An cika alkawari. Katangar ta kai ƙirjina, da 'yar ƙofar katako, Hajiya Fadila ta sa an shafa mata farar ƙasa ba fenti ba, ta ce haka ya fi kama da wurin. Ramin yana can baya. Sun tare makon jiya, ta gayyace ni, na je da turaren wuta. Na tsaya a ƙofar kusurwar na yi wa Malam addu'a, ƙaramar 'yarta tana tambayata me ke ciki, na zauna na ba ta labari tun daga farin ƙyalle.

An nuna shirin ranar Lahadi, kuma wuta ba ta ɗauke ba. Na zauna na kalla har ƙarshe. Ban san muryata tana da kaifi haka ba. Ranar Litinin na shiga aji, yara suka miƙe suka gaishe ni, ba wadda ta iya kallon ƙafata. Na ce musu su yi dariyar su gama, muna da darasi. Suka yi, ni ma na yi. Sannan na rubuta jimlarka a allo muka yi awa guda a kanta, kuma ban taɓa samun ajin da ya saurara haka ba. A kasuwar Kawo yanzu sunana Malama Takalmi Ɗaya. Zan iya ɗauka.

Ka yi aiki mai kyau, ba ka rage komai ba. Saboda haka ne ma na ga abin da ban gani ba ranar. Shirin ya fara da ni tun ina bakin layi, ina saukowa daga Keke, mutane suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Daga sama aka ɗauka, daga kan katangar benen maƙwabta, kyamarar tana fuskantar hanya, ta juya wa gidan baya. Na tambayi Halima ko ana iya hawa da irin wannan kaya cikin gaggawa, ta ce sai an kafa ƙafafu an daidaita. Wato kafin in bar ɗakin malamai wani yana can sama yana jiran hanya.

Mai yiwuwa Abdulmalik ne ya yi lissafinsa shi kaɗai daga 'yar maganar da ka gaya masa. Mai yiwuwa kuma kai ka san shugabarku, ka san abin da zai sa ta yarda, ka kuma san gwaggonka. Idan hakan ne, dabararka ta yi aiki, kusurwar ta tsira, kuma da ka tambaye ni tun farko da wataƙila na zo da ƙafata, da takalmina biyu. Wannan hoton ta hannunka ya bi, kana iya cire shi, ka bar mini shi. Ban san ko amsa ce ka ba ni ba.

Ba sai ka rubuto a kan wannan ba. Ka zo hutun ƙarshen shekara, ɗakinka yana nan, in kai ka ka ga katangar. A can za ka faɗa mini, ina kallon fuskarka.

Gwaggonka,
Bara'atu